Babi na Shida: Ruwan da Aka Tare da Mutanen da Aka Manta

Da yammacin Talata, 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya tashi daga gaɓar ƙauyen Badau zai tsallaka dam ɗin Watari zuwa Bagwai, a Jihar Kano. Yawancin waɗanda ke ciki yara ne 'yan makarantar Islamiyya, an yi musu kwalliya za su wurin taron Maulidi. An lafta wa jirgin mutane fiye da ƙarfinsa, bai kai gaci ba ya kife, aka tsamo gawa aƙalla 29. Shekara 13 kafin wannan rana, a 2008, wani jirgin da ya ɗauko 'yan biki ya kife a wannan ruwa, mutane da dama suka rasu. Ruwa ɗaya, hanya ɗaya, sanadi kusan ɗaya. A tsakanin waɗannan shekaru an yi ta'aziyya, an yi alƙawura, yaran da aka haifa a shekarar hatsarin farko suka girma har suka isa shiga jirgi su kaɗai, amma yadda ake shiga ruwan bai sauya ba. Abin da wannan babi yake son kafawa shi ne cewa dam, komai ƙanƙantarsa, wurin jama'a ne tun daga ranar da ya cika, kuma mutane na mutuwa a cikinsa ne galibi saboda an ƙi amincewa da hakan. An gina shi don gona da famfo, aka bar yaro mai wanka da fasinja da mai kamun kifi da mai shan iska ba tare da an tanadar musu komai ba, alhali su ne ke tare da ruwan safe da yamma.

Dam-dam na ƙasar Kano suna da tarihin da ya cancanci yabo. A zamanin mulkin Audu Baƙo, daga 1967 zuwa 1975, aka ɗaura harsashin tare ruwan damina don amfanin rani. Aka gina na Bagauda a wajajen 1970, aka kammala na Tiga a 1974, na Watari da Tomas da Gari da wasu suka biyo baya, har zuwa na Challawa a 1992. Fari na farkon shekarun 1970 ya nuna wa kowa hikimar wannan aiki. Tumatir da albasa da shinkafa da alkamar da ake nomawa a Kadawa da Kura da bakin Watari duk albarkar wannan tunani ne. Watari na ɗaukar ruwa wajen kubik mita miliyan 100, wanda idan aka jera shi da Tiga mai kusan biliyan 2 sai a ce ƙarami ne, kuma a ƙarƙashinsa akwai ɗimbin 'yan ƙananan madatsai na ƙasa da jihohi da ƙananan hukumomi suka yi a ƙauyuka, waɗanda ko suna ba su da shi sai dai a ce dam ɗin gari kaza. Injiniyan da ya zana kowannensu ya yi lissafin ruwan sama da faɗin gonaki da ƙarfin bango. Abin da bai shiga lissafi ba shi ne cewa an kawo teku ƙarama cikin mutanen da kakanninsu ba su san irin wannan ruwa ba. Mutumin Yawuri ko na Argungu ya tashi ya ga kogi, ya gaji iyo da tuƙi da karantar iska daga iyayensa. Mutumin Bagwai ya gaji rafin da ke cika da damina ya ƙafe da rani, a tsallaka shi da ƙafa a kan yashi. Kwatsam sai hanyar kasuwarsa da ta gidan surukansa suka koma ƙarƙashin ruwa mai zurfi, ba a ba shi gada ba, ba a koya masa ruwan ba.

A je bakin irin wannan dam da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da bazara ta yi tsanani. Mata na can gefe suna wanki a kan duwatsu, sun shanya zannuwa a kan ciyawa. Makiyayi ya koro shanu sun shiga har ƙirji. Ɗan acaɓa ya kafa babur ɗinsa a cikin ruwa yana wanke shi da soso. Can gaba kuma yara maza ne, wasu almajirai da suka zo wanke kaya, wasu 'yan firamare da aka taso, sun tuɓe riguna sun tara a gindin itace, suna ta tsalle suna watsa wa juna ruwa. Ruwan kwance yake lumui, launin ƙasa-ƙasa, ba a ganin abin da ke ƙasa da tafin hannu. Babu mai tsaro, babu alama, babu igiya. Wanda ya kalli wannan wuri zai ga kwanciyar hankali, kuma a nan yaudarar take. Kududdufin gari, duk da haɗarinsa, yara sun san shi ciki da bai. Kogi mai gudu kuwa da kansa yake gargaɗi, ƙugi da saurinsa sun isa su tsorata mutum. Ruwan dam ba ya gargaɗin kowa. A ƙarƙashinsa akwai tsohon kwarin rafi, inda yaro ke tafiya ruwa iya cibiyarsa, ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sa a inda babu ƙasa. Akwai ramukan da aka haƙi ƙasar gina bangon, masu gaɓa a tsaye kamar rijiya. Akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, da laka mai riƙe ƙafa, da tsofaffin tarun da masunta suka bari. Sannan bakin ruwan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan ana sakin ruwa ga masu noman rani sai ya riƙa ja baya, har wurin da ke da aminci a Disamba ya zama tudu a Afrilu, sabuwar gaɓar kuma ta koma daidai bakin ramin da a da yake can nesa.

Mutum kuma ba ya nutsewa yadda ake zato. Mai nutsewa ba ya samun numfashin yin ihu, hannuwansa na danna ruwa ne ba ɗagawa sama ba, bakinsa na fitowa yana komawa, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya ya ɓace. Abokansa na iya kasancewa taku goma daga gare shi su ɗauka kurme yake yi. Ƙwaƙwalwa na fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba iska. Wannan ya sa 'yan kwana-kwana, duk da ƙoƙarinsu, galibi gawa suke zuwa ɗaukowa: motar da ta taso daga birni ba za ta riski minti shida ba. Ceto, in za a yi shi, wanda ke tsaye a bakin ruwan ne zai yi.

Akwai wuri guda a jikin kowane dam da ya kamata a daɗe a kansa, domin shi ne ya fi jan samari kuma shi ne ya fi kisa. Wannan wuri shi ne mafitar rarar ruwa, da kuma 'yan gajerun katangun siminti da ake gitta wa kogi don ɗaga ruwa zuwa magudanar ban-ruwa. Idan damina ta yi nisa dam ya cika, ruwa na zubowa ta kan wannan katanga fari tas, da sanyi, da kifi na tsalle a gindinsa. Tsayin zubowar wani lokaci bai wuce ƙugun mutum ba, shi ya sa ake raina shi. Amma ruwan da ya faɗo yana nutsawa ƙasa ne, ya taso 'yan taku kaɗan a gaba, sannan na samansa ya juyo baya ya koma gindin katangar, yana ta kewayawa kamar dutsen niƙa. Duk abin da ya shiga wannan da'ira, gungume ko akuya ko mutum, za a danna shi ƙasa, a taso da shi, a mayar da shi, a sake dannawa. Ga shi ruwan cike yake da kumfar iska, ba ya ɗaukar jiki kamar ruwa na yau da kullum, don haka gwanin iyo ma ba ya samun abin turawa. Gefe da gefe siminti ne mai gansakuka, ba wurin kamawa. A Amurka, inda irin waɗannan gajerun madatsai suke da yawa a kan koguna, masu aikin ceto na kiransu injin nutsar da mutane, kuma cikin waɗanda suka mutu a gindinsu akwai ma'aikatan ceto da suka shiga da jirgi da rigar kariya. Wanda ya taho ta sama a kwale-kwale kuwa ba ya ganin katangar sam, sai wani siririn layi a kan ruwa, har sai ruwan ya fara jan sa. Haka ma manyan magudanan ban-ruwa masu bangon siminti a karkace: shiga da sauƙi, fita sai da taimako, musamman inda ruwan ke shigewa bututu ya bi ta ƙarƙashin titi.

Mai karatu zai iya cewa, to ai magana ta ƙare: tunda haɗarin ya kai haka, a hana shiga ruwan baki ɗaya, a kewaye shi, a hukunta wanda aka kama. Wannan ra'ayi ne na mai tausayi, kuma shi ne abin da hukumomi suka fi saurin kamawa. Bayan hatsarin 2021 gwamnatin Kano ta sanar da dakatar da jigilar fasinja a jiragen haya tsakanin Badau da Bagwai. A kwanakin makoki wannan mataki ne mai ma'ana. A matsayin tsari na dindindin kuwa ba zai tsaya ba. Bakin dam mai matsakaicin girma kilomitoci ne masu yawa, ba shingen da zai kewaye shi ya kwana ba a yanke shi ba, kuma makiyayi da mai wanki da mai jan ruwa a kura suna da haƙƙin isa gare shi. Matar da ke naƙuda a ƙetare, wadda tsallakawa a jirgi ta fi mata kusa nesa ba kusa ba da zagayawa ta hanyar mota, ba sanarwar rediyo ce za ta hana danginta neman mai jirgi ba. Yaron da zafin bazara ya dafa, ga ruwa shimfiɗe a bayan gari, zai je. Abin da hani yake yi shi ne ya kore shi daga mashayar da manya ke gani zuwa lungun da ba kowa, ya mayar da jigilar rana ta koma ta magariba, ya kuma sa yaran da abokinsu ya nutse su ɗebi rigunansu su gudu gida su yi shiru don tsoron bulala. Wannan na ƙarshe ya fi komai ciwo, domin minti shidan nan da ake da su ana kashe su ne a kan tsoro. Hani na gaskiya yana da muhallinsa, kuma yana aiki ne idan ya taƙaita: gindin mafitar ruwa, bakin bututun da ke zuƙar ruwa, kan bangon dam, da manyan magudanai. Wuraren nan 'yan kaɗan ne, ana iya shinge su, a sa musu alama da zane da rubutun boko da ajami, a sa mai gadi. Za a bi dokar ne kuwa idan an nuna wa mutane wani wurin da aka ce nan ku shiga.

Yadda wannan wuri zai kasance ba abu ne mai wuyar siffantawa ba. Masunta sun san ƙasan ruwansu kamar yadda manomi ya san gonarsa. A nemi Sarkin Ruwa da mutanensa su zaɓi gaɓa mai gangara a hankali, mai yashi, a share kututture da tsohon taru, a ja igiya da jarkoki a daidai inda ruwa ya kai ƙirjin yaro, a riƙa matsar da ita yayin da ruwa ke ja baya. A tsayar da lokaci, a ce daga azahar zuwa la'asar sakaliya, da babba ɗaya da aikinsa kawai ya zauna ya zuba ido. A ajiye kusa da shi doguwar gora da igiya da jarka. Jarkar nan ta mai lita 20, wadda ba gidan da babu ita, idan ba komai a ciki kuma murfinta a ɗaure, tana iya riƙe nauyin kusan kilo 20 a kan ruwa, abin da ya fi ƙarfin rigar kariyar da aka saba gani. Da za a koya wa kowane yaro cewa in wani ya nutse, a miƙa masa sanda ko a jefa masa jarka, kada a faɗa a bi shi, da an rage labaran nan masu tayar da hankali na wa da ƙane da suka tafi tare. A mashigar jirgi kuwa, ƙa'idojin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: a rubuta wa kowane jirgi adadin mutanensa a jikinsa da fenti, kowa ya sa rigar kariya, ba tashi bayan faɗuwar rana ko idan hadari ya haɗo, kuma a samu mutum guda mai ikon cewa jirgin nan ba zai tashi ba. Wannan na ƙarshe shi ne ƙashin bayan sauran. Matuƙin jirgi talaka ne, kuɗinsa na kan yawan kawuna, kuma ranar kasuwa ko ta biki jama'a ce da kanta ke danna masa, kowa na cewa ɗan matsa mini. Ba zai iya korar maƙwabcinsa ko malamin unguwarsu ba. Wanda dagaci ya naɗa, ƙaramar hukuma ke biya, shi zai iya.

Sai koyar da iyo. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, amma a yawancin garuruwanmu iyo abu ne da yaro ke sata, ba wanda ake koya masa ba, kuma 'ya'ya mata ko satar ma ba su samu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2024, ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara 'yan ƙasa da shekara 5. Rahoton ya nuna cewa daga 2000 yawan mutuwar, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a yankin Afirka da kashi 3 kacal. Ƙasar da ta fi dacewa a kalla a nan ita ce Bangaladash, ƙasar Musulmi, talaka, mai cike da tafkuna. A can an kafa dandamalin gora a cikin tafkunan ƙauye, matasan gari na koya wa yara shawagi da iyo da ceto daga tudu, ƙananan yara kuma ana tara su wurin wata mata a unguwa daga safe zuwa azahar, lokacin da iyaye mata ke fama da aiki. Binciken da aka yi ya nuna haɗarin nutsewa ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da suka shiga shirin. Ba a gina wurin wanka na zamani ko ɗaya ba. Mu ma ba mu rasa malamai ba. Wanda ya taɓa ganin wasannin kabanci a bikin Argungu, tseren kwale-kwale da kurme da kamun agwagwar ruwa a Matan Fada, ya san ƙasar Hausa na da gwanayen ruwa na gaske. Game da mata, a tuna cewa su ne ke cika jirgin biki da na kasuwa, da goyo a baya da zane mai nauyi idan ya jiƙe. Ware musu rana da wuri a killace, mace ta koya wa mace, ba ya karo da addini ko kunya, kuma an daɗe ana rawaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo.

Wani zai ce ajali ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan gado zai tafi. Wannan gaskiya ce da mumini ba ya jayayya da ita, kuma ita ce ke riƙe zuciyar uwar da aka kawo mata ɗanta a naɗe cikin tabarma. Ba wanda ya isa ya ƙwace mata wannan. Amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali na kore riƙo da sababi ba, kuma shari'a da kanta ta san lamuni a kan wanda sakacinsa ya jawo asarar rai. Mutumin da ke faɗin ajali a bakin dam shi ne ke kulle shagonsa da kwaɗo biyu, ya kai ɗansa asibiti idan zazzaɓi ya kama shi. Kalmar ƙaddara ta dace a bakin wanda aka yi wa rashi. Idan ta fito daga bakin wanda aikinsa ne ya ƙirga fasinja bai ƙirga ba, ta zama mafaka. Haka batun mutanen ruwa, da ake cewa dam kaza sai ya ci mutum duk shekara. Ba sai an tsaya gardama a kan gaibu ba. A dai lura cewa wurin da ake nunawa a ce nan ne suke, sau da yawa shi ne tsohon kwarin rafi ko ramin da aka ɗebi ƙasa, kuma lokacin da ake cewa suna ci shi ne bazara da hutun Sallah, lokacin da baƙin yara daga birni ke cika gaɓa. Tsofaffin da suka hana zuwa wurin sun yi daidai, kuma igiya da jarka na ƙarfafa haninsu ne.

Ƙorafin da ya fi nauyi a kan duk abin da aka faɗa shi ne na tsargiya, kuma bai kamata a yi masa amsar wucewa ba. Ruwan da aka tare, mai ciyawa a baki, gida ne ga 'yan ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga dodon koɗi, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji ba. Fitsarin jini ya zama ruwan dare a ƙauyukan bakin dam har wasu na ɗaukarsa alamar balagar ɗa namiji, alhali idan ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, ga mata kuma yana taɓa mahaifa. Likita na da hujja idan ya ce duk wanda ya ware wurin wanka a dam ya ware wurin kamuwa da cuta. Amsar gaskiya ita ce haɗarin ba ya gushewa, ana dai rage shi. Yaran nan suna cikin ruwan yanzu haka, a wurare goma masu ciyawa. Tara su a wuri ɗaya mai yashi da ake nome ciyawarsa, da masai a kusa, ya fi barinsu a warwatse, kuma wurin da aka san su ne wurin da ma'aikacin lafiya zai same su da maganin praziquantel, wanda ake rabawa kyauta a makarantu. Inda bincike ya nuna cutar ta yi katutu, abin da ya dace shi ne a ja ruwa a tara a kwarami na siminti a tudu, a bar shi ya kwana biyu kafin a shiga, domin tsutsar ba ta wuce wannan tana da ƙarfin kama mutum idan ba ta samu jiki ba. A nan ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya yanke hukunci, dam bayan dam.

Game da shaƙatawa ta sosai, wato iyali su zo su zauna a inuwa, a ci kifi, a zaga a jirgi, tunanin ba baƙo ba ne. Otal ɗin Bagauda da Rock Castle na Tiga an gina su ne da wannan niyya tun shekarun 1970, kodayake na Bagauda ya koma harabar makarantar horar da lauyoyi. Kuskuren wancan zamani shi ne an yi su don baƙi da manyan ma'aikata, ɗan ƙauyen da ke gefe bai ga nasa a ciki ba. Masu tsoron kada wurin shaƙatawa ya zama dandalin baɗala suna da dalili, amma baɗala ta fi son wurin da ba mai shi, kuma bakin dam da ba kowa ya riga ya zama maɓoyar masu shaye-shaye a garuruwa da yawa. Wurin da kwamitin gari ke riƙe da shi, ana rufewa da magariba, ya fi kusa da tarbiyya. Inda ake jan ruwan sha, kamar Watari da ke da matatar da ke ba wani sashe na Kano ruwa, sai a nisanta wanka da wankin babur da jiragen inji daga bakin bututu. Ɗan kuɗin shiga da ake karɓa ranar Sallah da harajin masu suyar kifi sun isa biyan mai sa ido da sayen riguna, muddin kuɗin na tsayawa a garin.

Akwai wata riba da ba a cika lura da ita ba, wadda ta shafi lafiyar bangon kansa. Dam na ƙasa galibi ba ya fashewa ba tare da ya yi magana ba. Ruwa kan fara tsattsafowa a bayan bangon, kuma idan tsattsafin ya fara fitowa da laka to yana cin cikin bangon ne. Tsagewa kan bayyana a sama, wani wuri ya lotsa, gara ta yi suri, gafiya ta yi rami, itatuwa su tsiro saiwoyinsu su buɗa wa ruwa hanya, turbar shanu ta zama zaizaya. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988, na Gusau a ƙarshen Satumban 2006, na Alau kuma ya ɓalle a Satumban 2024 ya shanye babban sashe na Maiduguri, shekara 30 bayan ambaliyar 1994 daga wannan dam ɗin. Injiniya na iya zuwa ƙaramin dam sau ɗaya a shekara, in ma ya zo. Masunci da makiyayi suna wucewa ta wurin kullum. Mutanen da aka ɗauka masu laifi ne a bakin ruwa ba za su kai rahoton tsagewa ba. Waɗanda aka ba matsayi, aka nuna musu alamomin, aka ba su lambar waya, za su kai. Ta wannan hanyar ce kuma saƙo zai bi ya sauka idan za a buɗe ƙofofin ruwa, don mai wanki da mai ɗibar yashi a ƙasan dam su fita kafin ruwan ya iso.

Abin da ke hana duk wannan faruwa galibi ba kuɗi ba ne, rashin mai ɗaukar nauyi ne. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, hedikwatarta na Lokoja, hankalinta na kan Neja da Binuwai. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da ma'aikatun ruwa na jiha suna kallon bango da ƙofofi da gonaki. 'Yan kwana-kwana na zuwa bayan abu ya faru. Ƙaramar hukuma na cewa dam ba nata ba ne. A tsakanin waɗannan ofisoshi gaɓar ruwan ta faɗi ƙasa ba mai ɗauka. Gyaran shi ne duk hukumar da ta mallaki dam a ɗora mata, a rubuce, alhakin rayukan da ke bakinsa kamar yadda aka ɗora mata na bangonsa, ita kuma ta miƙa aikin yau da kullum ga kwamitin da ya ƙunshi dagaci da Sarkin Ruwa da limami da shugaban makaranta da wakiliyar mata. Kuma a fara ajiye littafi a kowane dam: rana, wuri, shekarun wanda ya nutse, abin da ya kai shi. Bayan damina biyu littafin zai nuna wace gaɓa ce ke buƙatar shinge, wane wata ne ke buƙatar ƙarin mai gadi, da kuma wace mashiga ce jirgi ba zai taɓa isar ta ba sai an yi mata gada.